Wasiƙar da Ta Zo da Akwatuna

Yayana ya rasu a Indiya wata Laraba, daidai lokacin da shinkafarsa ta fadama ta fara fitar da kai. Ciwon ƙoda ne, irin wanda ya saba ɗaukar mutane a Haɗeja har mun gaji da tambayar dalili. Baffanmu ne ya raka shi, amma bizarsa ta ƙare ya dawo, da nufin in je in canje shi. Ban kai ga samun tawa ba aka bugo waya daga asibitin. Mai maganar ya yi Turanci da sauri, ya ce an yi duk abin da ya kamata, layin ya katse.

Ban yi kuka ba. Na zauna kan tabarma a ƙofar gida kwana uku, ana "ya haƙuri", ina "da godiya", ba na jin komai sai ciwon gwiwa.

Inna, mahaifiyarmu, abu ɗaya ya tsaya mata a rai. Tun muna yara take kallon finafinan Indiya tare da mu, kuma ta sha ganin an ɗora gawa kan itace an cinna wuta. Kullum na shiga gaishe ta sai ta ce, "Auta, an yi masa sallah, ko ƙona shi suka yi?" Ni kuwa ban sani ba.

Bayan sadakar bakwai na koma makarantar da nake aikin buga takardu. Na buɗe imel a tsohuwar kwamfutar ofis, sai ga wasiƙa daga wani ma'aikacin asibitin, mai tura marasa lafiya a keke. Baffa ne ya bar masa adireshina. Ya ce mutumin kirki ne, duk da cewa da hannu suke magana. Wasiƙar layi tara ce, amma kusan babu harafi a cikinta. Ƙananan akwatuna ne kawai a jere, farare, duk girmansu ɗaya. Sunan yayana kaɗai ya fito da boko, a layi na biyu.

Burauzar, wato manhajar buɗe intanet, ita ce ba ta da haruffan yaren. Wannan aƙalla matsala ce da na san hanyarta, don haka na rungume ta. Na shiga saiti na sauya tsarin da take karanta rubutu da shi, akwatunan suka koma alamomin tambaya, na mayar. Na sauko da haruffan Hindi, wanda da intanet ɗin makarantarmu ya ci mini wuni guda. Na saka, na kashe, na kunna: akwatuna suna nan daram. Ashe Indiya ba rubutu ɗaya gare ta ba, mutumin ɗan kudu ne, Tamil yake rubutawa. Na sake sabon lale.

Malamin lissafi, wani ɗan Filato da muka daɗe tare, ya tsaya a bayana yana kallo. Ya ce, "Malam, ai ba sai ka gyara ba. Kwafi akwatunan ka zuba a manhajar fassara, ita tana ganin abin da ke ciki."

Na ce masa na sani. Kuma da gaske na sani, tun ranar farko. Ya dube ni, ya dafa kafaɗata, ya tafi ajinsa. Muddin akwatuna ne, ba a ƙona kowa ba. Tsoro nake ji, sai na ba shi sunan aiki.

Rana ta huɗu haruffan suka fito, amma a wargaje, wasulan sun rabu da baƙaƙensu, ga wasu da'irori na ɗige-ɗige a tsakani. Har daɗi na ji, don na sami ƙarin kwana. Na sabunta burauzar washegari da hantsi, shafin ya buɗe, rubutu ya zauna tsaf, zagaye-zagaye kamar ƙugiyoyin masunta. Na zura masa ido. Ko alif ban iya karantawa ba, kuma babu sauran abin gyarawa.

Na kwafa na zuba. Fassarar ta fito a karkace, amma ana ganewa. Mutumin ya ce shi Musulmi ne. Shi da wasu uku suka yi wa yayana wanka, aka sallace shi a masallacin bayan asibiti bayan Azahar, aka binne shi a maƙabartar unguwarsu, fuskarsa tana kallon yamma.

Na buga takardar na hau Keke Napep zuwa gida. Na tarar da Inna tana gyaran busasshen kifi a tsakar gida. Na durƙusa na karanta mata, muryata kamar mai karanta sanarwar makaranta. Tana ta hamdala har na kai ƙarshe, sai hannunta ya tsaya.

"Yamma? Sun juya masa baya ga alƙibla?"

Na ɗauki tsinke na zana mata a ƙasa. Nan Haɗeja, nan Makka, can gaba Indiya. Na ce mu gabas muke kallo, su kuwa sun wuce Makka, sai sun juyo yamma.

Ta daɗe tana duban zanen. Ta sa yatsa a kan Haɗeja, ta ja shi a hankali har ya tsallake Makka ya isa ɗaya gefen.

Ta ce, "Ashe in na ta da sallah, fuskarsa nake kallo."

Ta karɓi takardar da ba ta iya karantawa, ta ninke ta huɗu ta sa a ƙarƙashin dardumarta. Ni kuma na tashi zan share zanen da ƙafa, sai na ga ba zan iya ba. Na koma na zauna a gefensa, kukan da ban yi ba tun waccan Larabar ya zo.