Sajo da Saniyar Amadu

Da asuba, in na fito masallaci zan wuce kwata, a tsugune nake samun Sajo gefen saniyar, yana cire mata kaska da farce, yana yi mata magana da Fillanci ƙasa-ƙasa. In ya gama sai ya sosa mata wuya, ya duba kofatonta ɗaya bayan ɗaya. Kusan shekara guda haka nake ganinsa a kangon Alhaji Na'Allah da ke bayan kwatar Gidan Rumji.

Ni Sale nake, mahauci ɗan mahauci. Shekara talatin da ɗoriya ina fiɗa, bayana ya gaji, idona ma ya fara. Ban iya tsara zance ba. Abin da na gani shi zan faɗa.

Sajo ya shigo garin nan farkon damina, daga wata ruga kudu da Gidan Sori, wajen iyaka. 'Yan bindiga suka kore masa garke. Ban san ko shanu nawa ba ne, don Bafillace ba ya faɗin yawan shanunsa ko bayan sun tafi. Saniya ɗaya ta tsira, ita ma don tana ɗaure bayan bukka ana yi mata maganin ciwon ƙafa. Ja ce mai dogon ƙaho, da fari a goshi, yana ce mata Wule. Ya iso da ita, da matarsa Zulai, da 'yan mata biyu, da ƙore uku a raga. Alhaji Na'Allah, wanda gidansu tsohon gida ne a garin nan, ya ba su kangonsa su zauna, su riƙa yi masa gadin bulo da yashi.

Garin bai kore su ba, bai kuma rungume su ba. A masallaci ana matsa masa sahu. Amma duk ranar da aka ji an kai hari wani ƙauye, in ya gitta majalisa sai hira ta mutu har ya wuce. Ya san da haka. Sai ya gyara sandarsa a kafaɗa ya yi sallama, a amsa masa da rabin baki.

Zulai ta fi shi saurin kama ƙasa. Ta shiga gidaje tana surfe, ta koyi haɗa nono da madarar gari tana kaiwa tasha, ko da yake ranar farko da ta dama ta sai da ta yi kuka. 'Yan matan aka sa su lakol, makarantar boko, kafin kaka har sun fara zagin juna da Gobiranci. Shi kuwa an gwada shi ɗaukar bulo, an gwada shi turin ruwa. Ba rago ba ne. Amma rana na take tsaka sai ya ajiye aiki ya tafi duba saniya, kuma babu mai aikin da zai jure wannan.

Ranar da na fara yi masa magana, tsokana ce.

“Ardo, kawo ta mu rage maka wahala mana.”

Ya dube ni, ya dubi wuƙar da ke ƙuguna. “Sarkin Fawa, kai ko inuwarta ba ka samu ba.”

“Kowace saniya hannuna take ƙarewa.”

“To wannan ba tawa ba ce balle ta ƙare hannunka.”

A nan ya faɗa mani. Wule habbanaye ce. Al'adarsu ce: aboki ya ba ka karsana ka riƙe, ta haifa maka sau uku, 'ya'yan naka ne, uwar kuma ka maida masa ita da ƙafarta. Ba ka sayar da ita, ba ka yanka ta, ba ka ko ɗaga mata sanda. In ruwa ya yi ƙaranci ita ke fara sha kafin naka. Abokinsa Amadu ne ya ba shi, tun suna maƙwabtaka. Ta haifa biyu, 'yan bindiga sun tafi da su. Saura haihuwa ɗaya ya maida ta. Amadu kuwa ya tashi da iyalinsa tun kafin harin, ya yi gabas, lambarsa ba ta shiga.

Na ce masa, “To wa ya san tana hannunka?”

Ya ce, “Ni.”

Ciyar da saniya a gari ba wasa ba ne. Da damina gonaki sun zo har jikin katangar gidaje, burtalin da ake bi da can ya koma kamar hanyar ƙafa. Sajo ya riƙa bin gefen titi da lauje yana yanko ciyawa. Ya sa rai da kaka, a zatonsa in an girbe za a saki gonaki kamar yadda ya saba. Sai ya ga kowa ya kwashe karansa a amalanke, harawa ta hau rufin ɗaki. Ya ce mani, “A daji kara na Allah ne. Nan har kara yana da uba.” Alhaji ya ba shi dami biyu, ni na riƙa kai masa dusa in ta samu. Me wannan zai yi wa saniya, ga shi kuma bayan girbi ya kai ta wajen wani bijimi ta ɗauki ciki?

Da rani ya yi nisa sai ya lura awakin gari da tumaki kowace safiya juji suke nufa, can bayan kasuwa. Ya ɗauka makiyayar gari ke nan. Ya fara kai Wule. Yana tsaye da sanda a kafaɗa kamar yana bakin fadama, ita tana tonon ɓawon rogo da ragowar tuwo.

Na same shi can na ce, “Ardo, fitar da ita daga nan. Leda za ta ci.”

“Wule ba akuya ba ce. Ta san abin da take ci.”

“Ledar da aka ƙulla gishiri ko ƙosai, ko kai aka rufe wa ido sai ka lasa.”

Ya yi dariya. Washegari na buɗe tumbin wani rago a kwata, na ciro dunƙulen leda kamar kan jariri, na kai masa har kango na jefa gabansa. Ya juya shi da sanda, ya ce dabbobin gari ne, ba su da tarbiyya. Mutum ne da ya san ciyawa fiye da yadda na san 'yan'uwana, wadda ke kashewa da wadda ke sa nono. Leda ce kawai babu ita a abin da ubansa ya koya masa. Ya rage kai ta, amma bai daina ba. Da me zai ciyar da ita in ya daina?

Da bazara ta shigo, cikinta ya yi girma, haƙarƙari ya fito ana ƙirgawa. Ta daina tuƙa. Sajo ya ce ɗan cikin ne ke shanye ta. Ni na san abin da nake gani. Na ɗauko malamin dabbobi na elebaj, ofishin kiwo, a bayan babur ɗina. Ya danna gefen cikinta na hagu da dunƙulen hannu, ya ɗan tsaya, ya ce leda ce, da yawa. Ya ce yana iya tsaga ta ya fitar yanzu da take da sauran ƙarfi. Tana iya tashi, tana iya mutuwa, ɗan cikin ma haka.

Sajo ya ce, “Sai na ji daga bakin Amadu.”

Na ce, “Wane Amadu? Amadun da ba a san inda yake ba?”

“Ba a sa wuƙa jikin habbanaye ba da sanin mai ita ba. In ta mutu ƙarƙashin wuƙa, ni na kashe ta.”

“In ta mutu tsaye fa, wa ya kashe ta? Ni?”

Malamin ya hau babur na maida shi.

Sati uku muna kiran lambar Amadu da wayata, mace ɗaya ce ke amsawa da Faransanci tana cewa ba a samu ba. Ranar kasuwa Sajo ya bi Fulanin da suka kawo dabbobi ɗaya bayan ɗaya yana ba da sallahu. Ya ɗura mata kanwa, ya ɗura mata jiƙon maɗaci, ya ɗura mata man gyaɗa. Ranar da ta kwanta ta kasa tashi, ya zo da kansa ya ce in kira malamin, ya yarda. Malamin ya zo ya duba, ya girgiza kai, ya ce lokacin ya wuce.

Kwana biyu bayan haka, da la'asar, ina rumfa ina kankare katako, Sajo ya zo ya tsaya. Ya ce, “Sale.” Bai taɓa kiran sunana ba sai ranar. “Ɗauko wuƙarka, kada ta yi mushe.”

Shi ya juya kanta alƙibla, ya rufe mata ido da tafin hannunsa. Na yi bisimilla na yanka. Da na buɗe tumbin, leda ce ta murɗe kamar igiyar rijiya, da tsumma a ciki, da ƙusa, da guntun takalmi. Sai da na sa hannu biyu na ɗaga ta. Ɗan cikin kuwa mace ce, da fari a goshi. Sajo ya ɗauke ta ya je bayan kango ya haƙa rami.

Na ce masa naman ba mai, amma zan iya fitar masa da shi a kasuwa. Ya ce naman Amadu ne. Sai muka yanyana shi siri-siri, muka sa gishiri, muka shanya a igiya cikin kango. 'Yan matansa suna zaune suna kallon nama yana bushewa, bai bari sun taɓa ko tsoka ɗaya ba. Maƙwabta suka ce Bafillacen nan ya zautu. Na yanki nawa a rumfa na aika wa Zulai ta dafa musu.

Alhaji Na'Allah ya zo jaje. Ya ce, “Sajo, ka sa wa ranka ruwa. Malamai sun ce amana in ta halaka ba da ganganci ba, babu ramuwa.”

“Na sani, Alhaji. Amma an faɗa mani ban ji ba. Ga mai faɗar nan tsaye.”

Na so ƙasa ta tsage. Gaskiya ce na faɗa masa, amma ban ba shi abin da zai sa mata a baki maimakon juji ba.

Ya shanya fatar ba tare da an cire kunnuwan ba, don a kunne shaidar gidan Amadu take. Dunƙulen ledar ma ya wanke shi, ya busar, ya sa a buhu. Na tambaye shi na mene ne. Ya ce, “Don Amadu ya ga abin da ya cinye ta. In na faɗa da baki ba zai gane ba. Ni ma ban gane ba.”

Wani dillalin shanu ya ce kamar ya ga Amadu a kasuwar Gangara, can wajen Gazawa, wata biyu da suka wuce. Kamar, ya ce. Wannan ya ishi Sajo, ya ce zai tafi nemansa. Zulai ta ce ita ba za ta bi shi ba, ba za ta fitar da yara daga lakol ta koma yawon daji ba. Bai yi mata musu ba. Har yau tana nan cikin kangon, tana kai nono tasha. In na tambaye ta labarinsa sai ta ce, “Shiru, Baba Sale.”

Ni na kai shi bakin titi da safe a kan babur, da buhun nama, da fata a naɗe, da buhun leda, da igiyar Wule a kafaɗarsa. Muka tsaya jiran motar Maradi. Mota ta zo, aka ɗora kayan. Sai ya hango wata akuya gefen kwalbati tana tauna baƙar leda. Ya bar ƙofar mota a buɗe, ya je ya damƙe wuyanta, ya cusa yatsu cikin bakinta ya zaro ledar. Akuyar ta kuɓuce, ta yi taku uku, ta sa baki kan wata. Direba na ta danna ham. Sajo ya ninke wadda ke hannunsa, ya sa a aljihu, ya shiga mota.