Inabin Inna

Ba zan yi wa kowa ƙarya ba, na daɗe ina jin haushin ƙanwata, kuma a kan inabi. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ni ce babba ita ce auta, mazan da ke tsakaninmu duk neman abinci ya watsa su. Ba ta taɓa yi min rashin kunya ba. Wannan ma yana cikin abin da ke ƙona min rai, don mutumin da ba ya yi maka laifi wuyar jin haushi gare shi, sai ka yi ta nema kana rasawa.

Gidanmu a Mandawari yake, cikin lungun da ko a-daidaita-sahu ba ya iya shiga. A tsakar gida kusa da rijiya akwai inabin da mahaifiyarmu ta dasa tun kafin a haifi Auta. Inna muke ce mata. 'Yar asalin Barno ce, sana'arta turaren wuta da humra, kuma a inuwar rumfar inabin nan take zama ta yi haɗinta. Ina tsakiyar sakandare ciwo ya kwantar da ita, na ajiye littafi na ɗauki tukunya da wanki. Ba wanda ya tilasta ni, ba kuma wanda ya ce in koma. Auta ta ci gaba da karatu, ta wuce jami'a, ta haye jirgi, ta dawo ana ce mata Dakta. Ba ta allura ba, ta tsirrai. Yanzu koyarwa take a jami'a, gidanta yana can waje da ganuwa. Ni kuma turaren Inna na gada.

Bayan rasuwar Inna, Auta ta yanki reshe ɗaya ta dasa a gidanta. Da mijina ya rasu na dawo gida na zauna da Baba, sai uwar inabin ta dawo hannuna. To ga abin takaicin: tun da na dawo bai sake yin 'ya'yan kirki ba. Ganye kam kore shar, faffaɗa, duk wanda ya shigo sai ya yaba inuwa. Ba girin-girin ba dai ta yi mai. Na Auta kuwa, reshen da ta tsinka daga nawa, duk shekara sai ya yi ta zubo 'ya'ya har tana raba wa maƙwabta.

Kar a ce ban kula da shi ba. Safe da yamma nake ba shi ruwa, damina da rani. Takin awaki har daga bayan gari nake sa a kawo min. Sannan ni mace ce mai tsafta har ana yi min gori. Ganye bai isa ya fara ɗorawa-ɗorawa a rumfar nan ba, da na hango shi zan jawo turmi in hau in tsinke shi, tun kafin ya faɗo ya ɓata min tsakar gida. A wurina ganyen da ya canza launi ciwo ne, kuma ciwo ba a barinsa ya yaɗu.

Baba ya tsufa ƙwarai a lokacin. Shekaru ya yi yana sayar da fata a Kasuwar Kurmi, har idonsa ya yi rauni ya bar wa wasu rumfar. Ni ke dama masa kunu, ni ke yanke masa farce, ni na san wane tari ne na gaske wane ne na neman a zo a zauna kusa da shi. Amma duk lokacin inabi, Auta za ta shigo da kwano a rufe, ta durƙusa ta ɗora masa a cinya. Sai ya laluba ya tsinki ɗaya ya sa a baki, ya ɗaga kai sama ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Auta. Inabin mahaifiyarku bai mutu ba."

A ƙarƙashin rumfar yake faɗin haka. A ƙarƙashin uwar inabin, wadda na yi wa ban ruwa da asuba. Ina tsaye da buta a hannu nake cewa amin, zuciyata kuwa kamar an zuba mata barkono. Na san hassada ga mai rabo taki ce, wataƙila ma ni nake ta yi wa inabin Auta taki daga Mandawari. Sanin bai hana ni ba. Abu ɗaya nake so, kafin Allah ya ɗauki ran Baba in sa masa inabin gidan nan a hannu, da hannuna, in ji me zai ce. Tambayar Auta kuwa yadda take yi da nata, gara in ci tuwo ba miya. Ni na goya ta.

Wata Juma'a da yamma, bayan ɗaukewar damina, ina kan turmi ina tsinkar ganye ina zubawa a zani, ta yi sallama ta shigo. Ta gaida Baba, ta gaishe ni, sannan ta tsaya tana kallona.

"Yaya, kullum haka kike tsinke su?"

"A'a, jira nake ki zo daga jami'a ki share min gida."

Ta yi dariya. Ita komai dariya. "Da kin bar su sun faɗo da kansu. Ba su gama aiki ba."

"Wane aiki mataccen ganye yake yi, Dakta?" In na ce mata Dakta ta san ba girmamawa ba ce.

Za ta bar maganar ke nan, sai Baba ya gyara zama a tabarmarsa. "Faɗa mana, Auta. Mu ma mu sha daga karatun."

Ta zauna a gefensa. Ni na ci gaba da tsinka, na juya musu baya, amma kunnena yana wurinsu. Ta ce ganye ba abu ɗaya ba ne dunƙule, ƙananan ɗakuna ne jere birjik waɗanda ido ba ya gani sai da na'ura, su ake kira ƙwayoyin halitta. A cikin kowane ɗaki akwai wasu korayen abubuwa da ke haɗa wa shuka abinci da hasken rana. In ganye ya tsufa, ko ruwa ya yanke, ko yunwa ta kama shuka, sai kowane ɗaki ya fara tattara kayansa da suka gaji, ya naɗe su a 'yar jaka, ya kai su wani babban tulu da ke tsakiyarsa, a narkar da su. Abin amfanin da ya fito sai ya bi jijiyoyi ya koma reshe da saiwa a adana shi. Ta faɗi sunan abin da Turanci, otofaji, ta ce a kansa ta yi duk karatunta na waje, ma'anarsa abu ya ci kansa don ya rayu.

"Ka tuna, Baba, yadda Inna take farke tsohuwar rigarka ta ɗinka wa su Yaya ƙanana kayan makaranta? To haka. Launin ɗorawan nan alama ce ana cikin farkewa. In an tsinke ganyen a lokacin, an zubar da yadin ke nan. Kuma in ana ta ɗura masa ruwa ba hutu, ba zai ga dalilin yin ajiya ba, sai ya yi ta ganye."

"Ikon Allah," in ji Baba.

"Tsohon ganye ba ya faɗuwa sai ya gama miƙa wa na bayansa duk abin da ke jikinsa."

A nan na juyo na dube ta. Wallahi ba da wata manufa ta faɗa ba, idonta ma yana kan rumfa. Da gugar zana ce da na ji sauƙi, da mun yi ta ta ƙare. Ta tsallaka teku ta karanto abin da aka yi da ni a gidanmu, a gabanta, kuma ba ta gane shi ba. Baba ma bai gane ba, ko ya gane ya haɗiye. Cewa ya yi, "Ilmi kogi ne. Kin ji ko?" Ni yake tambaya.

Na ce na ji. Na sauka daga turmi na shiga madafi, na wanke tukwanen da na riga na wanke, da ƙarfi, yadda za su ji.

Washegari na tsinke ganyen ɗorawan da ya rage don in nuna wa kaina ba a juya ni. Ban daina ba sai da sanyi ya shigo, tarin Baba ya tashi, irin na gasken, har ya koma yin salla a zaune. Ranar da na ga ya kasa ɗaga kofin kunu da hannu ɗaya, na ɗauke turmin daga gindin rumfar na mayar da shi madafi. Na rage ruwan, sannan na janye shi.

Abin ya yi min wuya fiye da yadda za a zata. Ganyen ya bi ya yi ɗorawa, daga gefe yake farawa ya bar jijiyoyin kore, daga baya su ma su kwashe. Rumfar Inna ta koma abin kunya. Matan da ke zuwa sayen turare suka fara yi min jaje, wata har da cewa, "Hajiya, ko dai baki ne ya kama shi?" Hannuna ya yi ta ƙaiƙayi. Wata safiya na tsinci wanda ya faɗo da kansa, na riƙe shi tare da wani da iska ta karyo da sauran korensa. Na farkon ba nauyi ko kaɗan, ina matsawa ya ruguje. An kwashe komai. Na tsaya da tsintsiya a hannu ina jin haushin cewa yarinyar nan gaskiya ta faɗa.

Da rumfar ta zama tsirara sai na tsaya cak, ban san na gaba ba. Na kira ta a waya na ce wata maƙwabciyata ce mai inabi take tambaya, in ganye ya zube me ake yi. Ta ce, "Ki gaida maƙwabciyar taki, Yaya." Sannan ta turo min saƙon murya mai tsawo, inda za a datse, idon reshe nawa za a bari, yaushe za a dawo da ruwa da taki. Na saurare shi a ɗaki da ƙaramar murya. Na ari almakashi, na yi wa inabin Inna askin da ni kaina sai da na ji tsoro.

Ya tsiro. Wannan karon tare da ganyen akwai wasu ƙananan curi-curi kamar kan ashana. Na rufa musu tsohon gidan sauro saboda tsuntsaye. Auta ta zo ta gani, ta ce, "Masha Allah, Yaya, hannunki da albarka." Ba ta ambaci maƙwabciya ba. Ko wannan kirkin nata sai da ya ba ni haushi.

Da zafi ya fara shigowa suka nuna. Ba yawa, kuma ƙanana ne, ba su kai na gidanta kyau ba. Wani hantsi na yanko nonon inabi ɗaya na wanke, na sa a kwano na rufe kamar yadda take yi, na ɗora wa Baba a cinya. Ya laluba ya tsinka ya sa a baki. Ya ɗan yamutsa fuska.

"Wannan ba na gidan Auta ba ne."

"A'a, Baba."

"Nata ya fi zaƙi."

Na miƙa hannu zan ɗauke kwanon, sai na ji ya riƙe shi gam. Ya sake tsinkar ɗaya, ya daɗe yana juya shi a baki.

"Na mahaifiyarku bai taɓa zaƙi ba," ya ce. "Haka yake da ɗan tsamin nan. Kullum sai na yi mata tsiya, ta ce ƙasar gidanmu ce, in ba na so in bari. Na ɗauka ba zan sake jin sa ba."

Bai sa min albarka irin ta Auta ba. Bai ɗaga kai sama ba. Ya dai laluba ya kamo hannuna ya zaunar da ni a tabarmar, ya sa min ɗaya a tafi. Muka ci muna yamutsa fuska har ya rage tsinke. Sai ya ce, "Ki kira ƙanwarki ta zo ta ɗanɗana."

Na ce to, Baba. Kullum da hantsi ina yanko mana nono ɗaya, kullum yana tuna min, ina cewa to. Ban kira ta ba sai da ya rage na ƙarshe.