Ranar da Kakata Ta Ci A, Ni Na Tashi da C

"Wane ne jikan wannan tsohuwa?" in ji malaminmu na adabi, yana riƙe da ƙaramar sifika a gaban aji.

Na ɗaga hannu har da murmushina.

Aikin da ya ba mu shi ne kowa ya naɗo waƙar daka daga bakin tsohuwa, ya yi sharhi. Wanda ya kwafo daga littafi zai maimaita kwas ɗin. A shekarar hatsi ya yi tsada, haka na je ƙauyenmu a Kunci hannu rabbana, ko sabulu ban riƙe wa kakata ba.

Ta ce, "Maigida, waƙar daka ba ta fitowa sai turmi na ƙara, ni kuwa kafaɗata ta mutu." Sai ta miƙo min taɓarya.

Ni da gemuna na surfe geron gidan kaf, tana waƙa wayata na naɗa, ni ina haki, ban ji kalma ɗaya ba. A mota na rubuta sharhin da ka, na ce waƙar yabon manoma ce.

Malam ya kunna. Sai ga muryarta tar, wai mijinta ɗan boko ya zo ba goro ba sabulu, yana daka kamar mai tsoron turmi. Aji ya kece da dariya.

Malam ya ce, "Waƙa A, sharhi F. Na haɗa na raba, ka samu C."

Da na gaya mata, cewa ta yi ta sake ni, malamin take so.

Jama'a, tsakaninku da Allah, wa aka cuta a rabon nan, ni ko ita?