Inna da Kwalbar Ɗa'if

Ina shiga falo na tarar Inna tana girgiza kwalbar da hannu biyu, kamar kunun aya.

Ruwan inabi ne mai gas, marar giya. Wani dattijo manomi a Ɗa'if ta Saudiyya ya ba ni, daga itatuwan da kakansa ya dasa. Wata da watanni ina ɓoyonsa don sunan ɗiyata, ga ranar ta zo.

Na ce, "Inna, ba a girgiza wannan."

Ta ce, "Halas, ya isa haka, ni za ka koya wa? Daɗin yana ƙasa."

Tana buɗewa labule ya sha, farar jallabiyar Kawu da ke zaune kusa ta sha. Rabin kofi ya rage, muka raba cokali-cokali.

Inna ta ɗanɗana ta ce, "Ka gani? Girgizar ce."

Akwai wanda ya taɓa kayar da mahaifiyarsa a musu?