Rana Ta Goma Sha Biyu

Shekara shida da aure ban taɓa ko ɓatan wata ba, sai maigidana ya kai ni wani asibiti a Birnin Kebbi. Likitar 'yar kudu ce, Hausarta ta cefane ce kawai. Ta rubuta mini ƙwayoyi, ta ce in ƙirga kwanakina na wata, in fara sha rana ta biyu, in dawo rana ta goma sha biyu a yi mini hoto, a ga ko ƙwan haihuwa yana girma.

Daga Illo zuwa can ba nan kusa ba ne. Ana idar da sallar asuba muke shiga mota, mu da buhunan albasa, a ƙetare kogi, a wuce Bagudo, kafin mu isa bayana ya gama yin tsami. Sau biyu ina zuwa, likita tana zuba wa allon na'urar ido, tana cewa ba ta ga wanda ya girma ba. Ni dai abin da nake gani kamar ruwan wankin shinkafa. A zuwa na biyu ta ce da alama maganin bai karɓe ni ba. Na ce shi ke nan, ni ce ba ni da ƙwan. Tun ban sauko daga gadon ba na fara kuka.

Wata dattijuwar nas ta miƙo mini mayafina, ta ce, "Ɗiyata, wace rana kinka hwara ƙirga?"

"Ran da niy yi wanka nik koma salla, Inna."

Ta riƙe baki. "Ƙirgan asibiti daga ran da kinka ga jini na. Ke sai an tashi kasuwa kika zuwa."

Haushi ya turnuƙe ni, dariya kuma tana neman ƙwace mini. Tun ina budurwa kwanakin tsarki aka koya mini ƙirgawa. Ashe mako guda nake makara, har da shan maganin. Ba wanda ya tambaye ni, ni kuma kunya ta hana ni tambaya.

Wata na uku na ƙirga irin nasu. Likita ba ta daɗe tana nema ba ta juyo mini da allon. Ga wani baƙin abu nan zagayayye kamar bakin tulu. Ta auna shi, ta ce ya kusa nuna, in dawo jibi.

Na san ba ciki ba ne tukuna. Amma sanyin da na ji a raina, rabona da shi tun ina amarya. Ta kai hannu za ta kashe na'urar, na ce don Allah ta dakata, ban gama kallo ba.