Kayen da na cika da "lafiya lau"

Yayata ta yi ɓari uku kafin likita a Damagaram ya gano cewa jininta ke saurin daskarewa, kuma garkuwar jikinta ce da kanta ke jawo haka. Ta dawo gidanmu a Matameye da ƙwayoyin tsinka jini, mijinta kuwa ya tafi Kano cin rani. Ni ce ƴar lise, mai karatun sakandare, don haka ni Inna ta miƙa wa takardun asibiti, ta ce in riƙa lura ko wani wuri zai yi mata ciwo.

Na sayi sabon kaye, wato littafin rubutu, na ja layuka da jan bik. Kowace safiya sai in same ta bakin turmi.

"Yaya, ina ke miki ciwo?"

"Likitar gidanmu ta iso! Rubuta: ba ko'ina. Ki ƙara da cewa miyar da kika yi jiya gishiri ya yi mata yawa."

"Gajiya fa?"

"Ba gajiya."

Haka kowa ke amsawa a garinmu, har wanda ya wuni yana noma. Na sani, amma na rubuta.

Na ga ta fara tsayawa a tsakiyar daka, ta jingina goshi da taɓarya, gumi na tsattsafo mata da sanyin safiya. Na ga ta bar wa Inna surfe ta koma tankaɗe. Ban ja wa waɗannan layi ba, domin ciwo aka ce in lura da shi.

Bayan wata biyar muka koma asibiti. Aka manna mata wayoyi a ƙirji. Likita ya daɗe yana duban takardar da na'ura ta fitar, sannan ya ce zuciyarta ta jima ba ta samun isasshen jini, har wani gefe ya yi tabo. Ya ce masu irin cutarta hakan na iya samunsu ba tare da zafi ba. Kayena na kan cinyata, kunya ta hana ni buɗe shi.

Aka ƙara mata magani, aka hana ta daka.

Yanzu ina jami'a a Yamai. Abin da na fi kewa shi ne lugudenta, da yadda take cilla taɓarya sama ta tafa kafin ta cafe. Idan na kira ta ranar Juma'a na daina tambayarta ciwo. Sai in ce ta ba ni labarin kasuwa, in yi shiru, ina sauraron inda numfashinta ke yankewa.

"Ke, kina nan kuwa?"

"Ina nan, Yaya. Ci gaba."