Sabulun da Ya Ƙi Kumfa

Duk bazara bakin tekunmu na Iskandariyya cika yake yi da baƙi, amma wannan tsohuwar ta hana ni ɗauke ido. Baƙar doguwar riga ce a jikinta, ƙafafunta duk faso, da gani daga ƙauyukan bakin Nilu ta fito. Jikokinta suna ta iyo, ita kuwa ta tsuguna a bakin ruwa da rigunan da suka tuɓe, tana ta goga sabulu. Sabulu ya ƙi kumfa.

"Inna, ruwan gishiri ba ya wanki," in ji 'yarta daga ƙarƙashin laima.

"Ba a wanki da shi, ba a sha, ba a ba gona. To uban me ake yi da shi, Nawal?"

"Zama ake yi a gabansa."

Tsohuwar ta ja tsaki, amma ta zauna, ta miƙe ƙafa. Ina jin tun tasowarta ba ta taɓa haɗuwa da ruwan da bai sa ta aiki ba. Igiyar ruwa ta zo ta ja sabulun. Tana kallo yana tafiya, hannayenta a kan cinya, ko yunƙurawa ba ta yi ba.